Tsibin La'asar

Sandar ƙarfe. Shebur. Gwangwanin jan fenti da buroshi. Safar hannu, rigar ruwa. Burodi, cuku, fulas ɗin kofi. Kayan da ke bayana ke nan, kuma mun riga mun wuce inda itatuwa suke ƙarewa, saura dutse da gajeriyar ciyawa.

Torunn ce a gaba. Ita ce ma'aikaciyar gandun dajin, ita kaɗai ke da kaki a cikinmu. Sjur na biye da ita, tsohon injiniyan jirgin fito, ya yi ritaya zaman gida ya ishe shi. Ni ne a baya. Ina yaro babana ya kwashe mu zuwa Kanada. Can na yi makaranta, can na yi aiki, bara na dawo yammacin Norway ban kama komai ba tukuna. Na shiga gayyar gandu, aikin sa-kai na gyaran hanyoyi, don in sake sanin tsaunukan.

Kowace Asabar muke hawa. Mu yashe magudanan ruwa, mu tayar da katangar tsofaffin rugage da ta zube, mu sabunta jan fenti a duwatsun hanya. Sai kuma rushe tsibi.

Tsibin duwatsu shi ne alamar hanya a nan tun zamanin da. In hazo ya sauko, daga tsibi zuwa tsibi mutum yake bi har ya kai gida. Masu yawon buɗe ido kuma sun mai da shi abin wasa, kowa ya zo sai ya ɗora dutse kan dutse ya ɗauki hoto ya wuce. Wanda ya biyo baya cikin hazo ba ya iya bambanta na gaske da na wasa. Don haka muke da ƙa'ida: a dubi gansakuka. Tsibin da gansakuka ta rufe duwatsunsa tsoho ne, ba a taɓa shi. Wanda duwatsunsa suke fes na jiya ne, a rushe a watsa.

Akwai wani a kan doron tsauni, ɗan nesa da hanya ta hannun dama. Duwatsunsa fes. Sau biyu ina rushe shi da hannuna, sau biyu muna dawowa mu tarar da shi a tsaye. Wancan makon na rushe na uku.

"In yana nan, kofinka nawa ne," in ji Sjur, yana haki.

"In ba ya nan fa?"

"Sai in haƙura in sha nawa."

Muka sha kwanar dutsen. Yana nan.

Sjur ya miƙo hannu. Na ba shi fulas ɗin.

Torunn ba ta yi dariya ba. Bara da kaka wasu mutum biyu suka hango tsibin nan cikin hazo, suka bar hanya suka nufe shi. A yammacinsa akwai kwazazzabo. Ɗaya ya karye a ƙafa, sai da jirgi mai saukar ungulu ya zo ya ɗauke su. Ita ta kwana tana amsa waya a kan maganar.

"Yau ba watsawa za mu yi ba," ta ce. "Gangara duwatsun za mu yi cikin kwazazzabon, ɗaya bayan ɗaya. Mu ga da me zai sake gini."

Na sauke jaka na zagaya shi. Can baya ban tsaya dubawa ba, ina ganin duwatsu fes sai in sa ƙarfe. Wannan karon na duba. Tsayinsa ya kai ƙirjina. Manyan duwatsu a ƙasa, kowanne ya hau kan biyu, an cusa ƙanana a tsakani don kada ya motsa. A tsakiya an ratsa wani dogo da ya ɗaure gefe da gefe. A can sama farin dutse guda. Na san farin nan. Ni na wurga shi wancan makon, da ƙarfi kuwa, har na ji inda ya faɗa. An je an nemo shi.

"Mai ɗaukar hoto ba ya gini haka," na ce.

"Mutanen ɓoye ne, aljanun tsauni," in ji Sjur. "Kakata ta sha faɗa, ba sa son a taɓa musu kaya."

"Mutanen ɓoyen suna sa takalmin roba?" Torunn ta nuna ƙasa da ƙafarta. A cikin laka ga sawun ƙaramin takalmi, gefensa ramin sanda.

"To Bajamushe ne mai ƙaramar ƙafa. Su ne in sun fara abu ba sa bari."

Na bi sawun. Bai nufi hanya ba, arewa ya yi, inda doron yake yankewa. Na leƙa. Can ƙasa na hango rufin ciyawa da hayaƙi, da garke, da ɗigo-ɗigon fararen awaki a gangare. Sai da na ɗan jima kafin na gane wurin, don ban taɓa ganinsa daga sama ba. Rugar Gwaggo Magnhild ce, yayar babana, inda take hawowa da awakinta duk bazara. Da hunturu na je na gaishe ta a ƙauye, amma rugar rabona da ita tun ina yaro.

Na faɗa musu.

"Shekarunta nawa?" in ji Torunn.

"Ta kusa tamanin."

Ta leƙa gangaren, ta dawo da kanta. "To ba ita ba ce."

"Ina so in tambaya."

"Eilev, ko na waye, rushe shi za a yi."

"Na ji. Tambaya kawai."

"Za mu ci abinci, mu gama magudanar can ta ƙasa. In mun dawo nan za mu fara, kana nan ko ba ka nan."

"In na daɗe kada ku jira ni. Zan sauka ƙauye ta hanyar ruga."

"Ka gaishe ta, Furofesa," in ji Sjur. "In ta ba ka cuku, rabi nawa ne."

Na bar musu ƙarfen da shebur na bi sawun.

Ba hanya ba ce, turbar awaki ce. Tsakuwa na zamewa ƙarƙashin ƙafa. A wani wuri sai da na juya na fuskanci dutsen, na bi wani siririn baki da gefe da gefe, hannuna na laluben abin kamawa. A nan ma ga ramin sandar, a 'yar ƙasar da ta maƙale a tsagar dutse. Na tsaya na dube shi. Duk wanda ya bi nan da sanda, hannu ɗaya ya rage masa.

Na tarar da ita a ɗakin dafa cuku, tana juya babbar tukunya da muciya. Ruwan nonon ya fara yin ja, ƙamshinsa ya cika ɗakin. Ba ta waiwayo ba.

"Sannu da aiki, Gwaggo."

"Yawwa, sarkin rushe-rushe. Karɓi nan, kada ka bari ya kama."

Na karɓi muciyar. "Kin san ni ne?"

"Ina da madubin hangen nesa. Kuma duk ƙasar nan ba mai tafiya kamar an aike shi ba ya so, sai ubanka sai kai." Ta zauna a kujera, ta miƙe ƙafa ɗaya a hankali. "Har Kanada aka kai ka don ka koyo ture dutse? Da an bar ka nan, bunsuruna ya koya maka."

"Ke kike gina shi?"

"A'a, iska ce."

"Me ya sa ba ki aiko kin ce na ki ne ba?"

"In aiki wa? Akuya? Juya ta ƙasa, can yake kamawa."

Na juya ta ƙasa. Na tambaye ta tsibin na mene ne, tunda ba hanya a wurin. Ta dube ni kamar na tambaye ta amfanin ƙofa. Ta sa na janye tukunyar gefen wuta, ta ce in biyo ta.

A bakin ƙofar gidan akwai faffaɗan dutse, tsakiyarsa ta lotsa don zama. Ta ce in zauna daidai wurin. Na zauna. Daga nan doron tsaunin layi ne baƙi a jikin sama, ba tudu ba kwari, sai tsibin kaɗai a tsaye kamar ɗan yatsa, farin dutsen na ƙyalli. Rana tana hagu da shi, da ɗan saura.

"Tsibin la'asar ke nan," ta ce. "In rana ta hau kansa, a sauke tukunya a kira awaki. Daga nan ba da jimawa ba inuwar tsauni take rufe gangaren, su ma sun san lokaci ya yi."

"Daga nan kaɗai yake aiki?"

"Matsa can ka gani."

Na matsa gefen bango. Tazarar rana da tsibin ta canza. Na dawo, na sake matsawa ta ɗaya gefen. Na yi haka har sau nawa, tana kallona.

"Yaushe aka fara gina shi?"

"Kakata ta tarar da shi."

"To ina gansakuka?"

"Wace gansakuka? Kowane hunturu ƙanƙara da iska suke kayar da shi. Kowace bazara wanda ya hawo ruga ya tayar. Dutsen da ake juyawa duk shekara, yaushe ya zauna har abu ya tsiro masa?"

Na shiga lissafa tsibi nawa na rushe bana da ƙa'idar nan. Yawancinsu na masu hoto ne, ba shakka. Yawancinsu.

"Gwaggo, ga agogo a hannunki."

"Na bas ne. Sau biyu a shekara gwamnati take murɗa shi, a ƙara awa ko a rage, awakina ba a gaya musu."

"Amma da shi ma za ki iya."

"Zan iya mana. Wa ya ce ba zan iya ba?" Ta gyara zama a gefen dutsen. "Ba wannan ba ne. Daga ƙauye ma ana hango shi. In yana tsaye, an san akwai mutum a ruga. In ya kwanta bai tashi ba, an san an bar ta. Haka aka yi da ta gabas, haka aka yi da ta bakin tafki. Yanzu ku kuke zuwa kuna gyara musu katanga, ba kowa a ciki."

Sai ta faɗa mini sauran. Ɗanta Arnfinn, wanda ke Bergen, ya daɗe yana so ta daina hawowa. Ya samo mata ɗaki kusa da asibiti, ya samo mai sayen awakin. Suka yi ta ja, har suka tsaya a kan magana ɗaya: shekarar da tsibin ya kwanta bai tashi ba, ta sauko, ba gardama. Maƙwabciyarta a ƙauye tana ganinsa daga tagar kicin, ita ke ba shi labari.

"Sau uku ke nan tana bugo masa waya. Sau uku yana shirin tahowa, gari ya waye ta ga abu a tsaye, ta sake bugawa ta ce idonta ne." Ta yi 'yar dariya ta hanci. "Har tabarau ta canza."

"Shi ya sa ba ki gaya wa gandu ba."

"In gandu ya ji, Arnfinn ya ji. Shi a saninsa sau ɗaya nake hawa a shekara."

"Kin ji labarin mutanen bara?"

"Na ji ƙarar jirgin. Ban ji daɗi ba." Ta kakkaɓe wani abu daga siket ɗinta. "Amma hanyar nan da can ta ƙasa take bi, ta fadama. Ku kuka hawo da ita sama don kada a tattake muku ciyayi. Tsibina bai matsa ba."

"Gaskiya ne. Amma gaskiyar ba ta ɗora wa mutumin ƙafa ba."

"Ba ta ɗora ba," ta ce.

Na san maganar matsar da hanyar, na gani a tsohuwar taswira. Na kuma san yadda ake yi, don bana kaɗai mun matsar da biyu: a kankare fenti a nan, a shafa a can, a toshe tsohon sawu da duwatsu. Aikin Asabar uku ne ko huɗu. Abin da ban sani ba shi ne ko Torunn za ta yarda ta matsar da hanya saboda agogon tsohuwa ɗaya. In da ni ne ita, da ban yi saurin yarda ba.

Ina cikin wannan tunani na ga ɗigo biyu sun bayyana a kan doron.

"Ga mutanenka," in ji Gwaggo. Ta miƙa hannu cikin ƙofa ta ɗauko madubin.

Na tashi na cire rigar ruwata, ina kaɗa ta sama, ina kiran sunan Torunn. Iska daga can take busowa, muryata ba ta kai ko rabin gangaren ba. Waya kuwa ba ta kamawa a kwarin nan. Na ci gaba da kaɗawa.

"Ɗaya ya ɗago maka hannu," ta ce. "Gaisuwa yake. Wane ne mai tumbin?"

"Sjur."

"Sjur na jirgin fito? Tun yana saurayi bai taɓa ɗaga abin da ya fi cokali nauyi ba. Yau ga shi da dutse a ƙirji. Zauna, ɗan nan, kana tsorata mini awaki."

Ko da gudu na hau, kafin in kai sun gama. Na zauna.

Farin dutsen ya fara tafiya. Ko ba madubi na ga ƙyallin ya ɓace. Daga nan tsibin ya riƙa raguwa, daga ƙirji zuwa ƙugu, daga ƙugu zuwa gwiwa. Ba ma jin komai. Sau ɗaya kawai wata ƙara ta iso mu, can ƙasa-ƙasa, bayan an daɗe da sakin dutsen.

"Yarinyar ta iya aiki," in ji Gwaggo. "Da ƙafa take ɗagawa, ba da baya ba. 'Yar wace ce?"

"Daga arewa take."

"Shi ya sa."

Suka gama, suka tsaya kaɗan, suka juya suka ɓace. Doron ya koma layi ɗaya. Rana ta ci gaba da matsowa. Na so in ga lokacin da za ta kai wurin, na kafa ido a inda nake zaton tsibin yake, amma da na ƙifta sai na rasa wurin. Ko'ina iri ɗaya ne.

"Yanzu," ta ce.

"Ta yaya kika sani?"

"Ban sani ba. Kusan yanzu ne."

Ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta sa hannu a baki ta yi kiran awakin. Siririyar murya ce mai tsawo, ba kalma a ciki, ta bugi dutsen ta dawo. Can sama ƙararrawa ta amsa, sai wata, sai duk gangaren ya motsa.

Muka yi tatsa. Ita ta tatsi uku kafin in gama ɗaya, wadda na samu kuma ta sa ƙafa a bokiti. Gwaggo ta ce akuyar ba ta da laifi, hannuna ne sanyi kamar na likita. Muka tace nonon, muka juye cukun a mazubi. Ta dafa kofi, ta yanka burodi, ta shafa masa sabon cuku tun yana da ɗumi.

Da ta zauna ta kwance ƙyallen da ke gwiwarta don ta sake ɗaurewa. Gwiwar ta kumbura ta yi biyun ɗayar. Farcen babban yatsanta na hannu baƙi ne, ya kusa fita.

"Wannan fa?"

"Dogon dutsen tsakiya ne. Ka jefa shi inda ba ya ɗaukuwa da daɗi." Ta ja ƙyallen ta ƙulle. "Waɗanda suka rage a saman ƙanana ne, ba sa gini. Sai dai in ɗauko daga ƙasan siririn bakin nan, ɗaya-ɗaya a jaka. In na fita da sassafe bayan tatsa, zuwa jibi ya kai ƙugu. Daga ƙauye ƙugu ma ya isa."

"Da jakar dutse za ki bi wurin nan?"

"Da me kake so in bi, da jirgi?"

"In ni na gina fa?"

"Ba a yi. Wanda yake kwana a ruga shi ke tayar da shi. In baƙo ya gina, ya zama na masu hoto, sai ka dawo Asabar ka rushe."

"Arnfinn ya ce lalle ke za ki gina?"

Ta yi tunani. "Cewa ya yi in ya kwanta bai tashi ba."

"Gado nawa ne a gidan nan?"

"Biyu. Ɗaya cuku ne a kai." Ta dube ni ta gefen ido. "Kuma kwana ɗaya ba kwana ba ne. Kada ka fara abu ka bari kamar ubanka."

Na tashi na shiga ɗaki na biyu. Cukun na jere a kan katakon gadon, an lulluɓe da ƙyalle. Na tambaya ina za su koma, ta ce akwai kanta a ɗakin sanyi, amma ƙafar kantar ɗaya ta karye tun bara. Na nemo guduma da ƙusa na gyara, na kwashe su na jera. Ba ta hana ni ba, ba ta kuma taya ni ba. Da na fito na same ta a bakin ƙofa, sanda a hannu, tana kallon doron. Inuwa ta rufe kwarin, iska mai sanyi na shigowa har cikin ɗaki.

"In hazo ya sauko gobe, wani ya gan shi ya nufe shi fa?" ta ce, ba ta juyo ba.

"Shi ya sa ba zan yi shi a ɓoye ba."

"Yarinyar za ta kore ka daga gayyar."

"Wataƙila."

Na karɓi sandar na jingine ta a bango. Ta shigo. Na jawo ƙofar na rufe, na sa sakata.

"Nan zan zauna har a sauko da awaki da kaka," na ce. "Gobe da safe zan sauka in gaya wa Torunn da bakina, ta zaɓi inda za ta mai da hanyarta. In na dawo, ni zan hau in tayar da tsibin."